Ba a Fara Karatu da Kittel

A watan Afrilu, lokacin da zafin bazara yake kai maƙura a ƙasar Gumel, masu farantan sola sukan yi ƙorafi iri ɗaya. An sayar musu da faranti da aka rubuta wat 300 a bayansa, rana tana ƙwallewa, babu ko ƙyallin gajimare a sama, amma injin rijiyar burtsatse ba ya tura ruwa yadda lissafi ya nuna, batir kuma ba ya cika da wuri. Mai shago a Sule Tankarkar zai ce jabu aka haɗa shi da shi. Mai haɗa sola zai ɗora laifin a kan waya ko inbata. Wani lokaci suna da gaskiya. Sau da yawa kuwa farantin lafiyarsa ƙalau, zafi ne ya rage masa ƙarfi, kuma dalilin hakan yana cikin wani darasi da ake koyarwa a sassan fiziks na jami'o'in Najeriya, wato fiziks na daskararrun abubuwa. Shi ne ilimin da yake bayyana halin ƙarfe da gishiri da silikon daga yadda ƙwayoyin atam da ilektiron suke zaune a cikinsu.

Abin takaicin shi ne ana iya samun wanda ya ci wannan darasi da maki mai kyau, a miƙa masa tambayar mai shagon nan, ya rasa ta cewa. Zai iya jero tsare-tsare 14 da Bravais ya gano na yadda atam suke jeruwa a cikin kiristal, zai iya rubuta dokar Bragg ba tare da kuskure ba, amma bai taɓa ganin hanyar da ta haɗa waɗannan da farantin da ke kan rufin gidansu ba. An saba ɗora laifin irin wannan a kan ragwantar ɗalibi ko rashin kayan gwaji. Akwai wani dalili da ba a cika tattaunawa a kansa ba, alhali gyaransa ya fi sauƙi, shi ne littafin da aka ce ɗalibin ya fara da shi.

A gaskiya ma ba zaɓar littafin ake yi ba, gadonsa ake yi. Malami ya fito da jerin littattafan da za a duba, sunan Charles Kittel a sama, na Ashcroft da Mermin a ƙarƙashinsa, domin haka ya tarar a jerin malaminsa, shi ma malamin haka ya tarar. Ɗalibi ya buɗe Kittel a makon farko, ya yi fama da babi biyu, ya rufe. Daga nan har ranar jarrabawa abin da zai karanta shi ne handawut, wato 'yan shafuka talatin ko arba'in da aka tsamo daga littafin, aka cire bayani aka bar ma'anoni da lissafin da za a haddace. Sunan Kittel yana kan takarda don a ga darasin yana da daraja, karatun kuwa a handawut yake.

Dole a ba Kittel haƙƙinsa kafin a ƙi shi. Littafinsa, Introduction to Solid State Physics, ya fara fitowa a 1953, shekara shida bayan Bardeen da Brattain da Shockley sun ƙirƙiro taransista a ɗakin bincike na Bell a Amurka. A lokacin fannin bai gama samun iyakokinsa ba, kuma wannan littafi yana cikin abubuwan da suka shata masa su. An sake buga shi har sau takwas, marubucinsa ya koyar shekaru masu yawa a Jami'ar California da ke Berkeley, ya rasu a 2019 yana da shekara 102. Jadawalolin da ke cikinsa, na alƙaluman ƙarafa da sauran sinadarai, har yau masu bincike suna komawa gare su. Duk wanda ya riga ya san fannin zai ji daɗin ajiye shi kusa da hannu.

Matsalarsa tana ga wanda bai san fannin ba. Babi na farko yana bayani ne a kan yadda atam suke jeruwa a cikin kiristal. Babi na biyu kuma ya jefa ɗalibi cikin wata saƙa ta lissafi wadda ba ta da siffa a zahiri, ana gina ta ne daga jerin atam na ainihi don a fahimci yadda hasken eksire yake watsuwa a cikin kiristal, kuma ba a kama ta sai da lissafin Fourier. Ilektiron ba sa shigowa sosai sai babi na shida, silikon da 'yan'uwansa sai babi na takwas. Ke nan ɗalibi zai shafe makonni yana koyon kayan aiki masu wuya ba tare da an nuna masa aikin da za a yi da su ba. Ga shi kuma salon Kittel na taƙaitawa ne. Yakan tsallake matakai a lissafi, ya kawo sakamako, ya wuce gaba, yana ɗaukar cewa akwai malami a gefe mai cike gurbi. A inda malami ɗaya yake fuskantar aji cike maƙil, zango kuma ya gajarce, gurbin nan haka yake zama.

Ƙasar Hausa ta daɗe da sanin maganin wannan, tun kafin boko. A makarantar zaure ba a miƙa wa mai fara karatun fiƙihu Muhtasar. Da Ahalari yake farawa, ya wuce Ishmawi, ya shiga Iziyya, ya kai Risala, sai daga baya ya tunkari Muhtasar, shi ma ɗin da sharhi da malami a gabansa. Ba wanda ya taɓa ɗaukar wannan jeri a matsayin raina babban littafin. Malamai sun gane cewa littafin da aka dunƙule shi matuƙar dunƙulewa yana amfanar wanda ya riga ya san mas'alolin, yana kuma karya gwiwar wanda bai san su ba. Kittel a fanninsa matsayin Muhtasar yake da shi. Abin mamaki ne a ce mutanen da suka taso cikin wannan tsari, suka ga amfaninsa a zaurukan Gumel da Maigatari, su ne idan suka shiga ajin jami'a sai su fara daga ƙarshen jeri.

Wasu za su ce to a koma ga Ashcroft da Mermin. Littafin waɗannan malamai biyu na Jami'ar Cornell, wanda ya fito a 1976, ya fi Kittel bayani nesa ba kusa ba, kuma tsarinsa shi ne daidai. Ya fara da ra'ayin Paul Drude na 1900, shekara uku kacal bayan gano ilektiron, cewa ilektiron a cikin ƙarfe suna yawo ne kamar iskar gas a cikin tulu. Wannan ɗan sauƙin tunani ya bayyana dokar Ohm, amma ya faɗi a wani wuri: zafin da ya ce ilektiron za su sha kafin ɗumin ƙarfe ya ƙaru ya ninka abin da aka auna kusan sau ɗari. Sai littafin ya kawo gyaran da Sommerfeld ya yi a 1927 da ƙa'idojin kwantam, sannan ya ware babi guda don lissafa inda gyaran ma ya gaza. Mafi girman gazawar ita ce bai iya faɗin dalilin da ya sa jan ƙarfe yake ɗaukar wutar lantarki daimon kuma ba ya ɗauka ba, alhali dukansu cike suke da ilektiron. A nan ne, kuma sai a nan, aka gabatar da tsarin jeruwar atam, domin amsar tana cikinsa, kamar yadda Felix Bloch ya nuna a 1928 da Alan Wilson a 1931. Ɗalibi yana isa babin kiristal yana ƙishirwar abin da ke ciki.

Sai dai littafin ya kai shafi wajen 800, babi 34, an kuma rubuta shi ne don wanda ya ƙware a kwantam da lissafin ƙididdigar zafi. Silikon sai a babi na 28 ake isa gare shi. Ma'aunan da ya yi amfani da su ba su ne na SI da ɗalibin Najeriya ya saba da su tun sakandare ba. Ga mai digiri na biyu babu kamarsa. Ga ɗan aji uku da ke da makonni goma sha biyu ko sha huɗu, kaya ne da ya fi ƙarfin wuyansa.

Littafin da ya dace a fara da shi shi ne The Oxford Solid State Basics na Steven Simon, wanda ya fito a 2013. Shafukansa ba su wuce 300 da wani abu ba, kuma daga darasin da marubucin yake koyar da ɗaliban digirin farko a Oxford ya samo asali. Da tambaya yake buɗewa. Tun 1819 Dulong da Petit suka lura cewa yawancin daskararrun sinadarai, idan aka ɗauki adadin atam iri ɗaya, zafi kusan ɗaya suke sha kafin ɗuminsu ya ƙaru da digiri ɗaya. Daimon ya saɓa wa wannan doka ƙwarai. Me ya sa? Einstein ya ba da amsa a 1907, Debye ya gyara ta a 1912, ɗalibi kuma yana bin sawunsu da lissafin da bai fi ƙarfinsa ba. Daga nan sai Drude da Sommerfeld, sai yadda atam suke ɗaure da juna, sai a ɗauki atam a jera su a layi ɗaya kamar carbi a warware lissafinsu da hannu. Sai wanda ya ga abin ya yi aiki a layi ɗaya ake kai shi ga cikakken kiristal, a babi na 12. Babi na 17 da na 18 suna kan silikon da na'urorin da ake yi da shi. An kuma ɗauki laccocin marubucin a bidiyo, kimanin ashirin, Jami'ar Oxford ta sa su a intanet kyauta, suna bin littafin babi-babi.

Shi ma yana da nasa gibin. Bai yi bayani a kan ƙarafan da suke rasa duk wata turjiya ga lantarki a tsananin sanyi ba, kuma ba shi da tarin jadawaloli. A nan ne Kittel yake da gurbi, a matsayin littafin dubawa. Wanda kuma Turancin Simon ya yi masa sauri, akwai Elementary Solid State Physics na M. Ali Omar, na 1975, wanda yake tafiya a hankali yana nuna matakan lissafi, yana kuma ba na'urori muhimmanci.

Ana iya gwada kowane littafi da tambayar mai shagon Sule Tankarkar. Ga amsar da ɗalibin da ya karanta littafi mai kyau ya kamata ya iya ba shi. Kowane atam na silikon yana da ilektiron huɗu a bayansa, duk a ɗaure da na maƙwabta. Kafin ɗaya ya kuɓuce ya yi yawo sai ya tsallake wani giɓin kuzari, wanda a silikon ya kai kimanin ilektiron-bolt 1.1. Hasken rana yana ba shi wannan kuzari. Don kada ya koma inda ya fito, sai a zuba ɗan fosfaras mai ilektiron biyar a ɓangare ɗaya na silikon ɗin, ɗan boron mai uku a ɗaya ɓangaren. A mahaɗar ɓangarorin biyu ana samun wani turi na lantarki da yake kora ilektiron gefe guda, shi ne yake ba kowane ɗan gida na faranti wajen bolt 0.6. Zafi kuwa shi ma yana kuɓutar da ilektiron, ba tare da haske ba, kuma yawan waɗannan yana ƙara yoyon da ke komawa baya ta mahaɗar. Sakamakon haka kowane gida yana rasa kimanin milibolt 2 a duk digiri ɗaya da zafi ya ƙaru, faranti gaba ɗaya kuma yana rasa tsakanin kashi 0.3 da 0.5 cikin ɗari na ƙarfinsa.

Lambar da ke bayan faranti an auna ta ne yana kan digiri 25 a ma'aunin Salshiyas. A bazarar arewacin Jigawa iska kanta tana haura digiri 40, farantin da ke shan rana kuwa yana iya kai 65. Digiri 40 ke nan a kan ma'auni. Idan aka ɗauki kashi 0.4, an rasa kashi 16 cikin ɗari, wat 300 ya koma wajen 250, tun kafin a yi maganar ƙura. Wanda ya fahimci wannan ya san dalilin da ya sa ba a manna faranti a jikin kwanon rufi, sai an bar sarari iska tana ratsawa ta ƙarƙashi. Ya san ya ƙara faranti a lissafin rijiya tun daga farko, ya kuma san yadda zai bambanta jabu da mai kyau da zafi ya gajiyar. Fitilun LED da suka kori aci-balbal daga rumfunan kasuwar Alhamis ta Maigatari su ma wannan mahaɗa ce, an juya aikinta: a ba ta lantarki ta fitar da haske. Samar da shuɗin irinsu, wanda daga gare shi ake yin farin haske, shi ya ba Akasaki da Amano da Nakamura lambar Nobel a 2014. Fannin yana cikin aljihu da kan rufin kowa a wannan yanki, ba a san sunansa ba ne kawai.

Masu kare tsohon jeri suna da hujjoji, kuma ba duka ne na banza ba. Ta farko ita ce Kittel duniya ta sani, wanda bai karanta shi ba zai ji kunya idan ya fita waje ƙaro ilimi. Amsar ita ce a waje ba sunan littafi ake tambaya ba, lissafi ake miƙa wa mutum a ce ya warware. Oxford kanta, da ɗalibanta da ɗakunan karatunta, malaminta ya ga buƙatar rubuta littafi mai sauƙin shiga. Ba a ga dalilin da zai sa ɗan Gagarawa da ya shiga jami'a a Kafin Hausa ko Dutse ko Kano a ɗora masa abin da aka sauƙaƙa wa ɗan Ingila ba. Kuma wanda ya gama Simon ya fi kowa iya karanta Kittel daga baya.

Hujja ta biyu ta fi nauyi, ita ce kuɗi. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023 littafin da aka shigo da shi daga waje ya fi ƙarfin yawancin ɗalibai, don haka, in ji su, handawut ne kaɗai mafita. Amma tsada ba ta bambanta Kittel da Simon ba, duka biyun daga waje suke zuwa. Abin da tsada take koyarwa shi ne kada a warwatsa ɗan abin da ake da shi. Ɗakin karatun da ya sayi littattafai goma daban-daban kwafi ɗai-ɗai ya yi ado ne kawai. Wanda ya sayi kwafi goma na littafi ɗaya da darasi yake bi, ya hana fita da su, ya ba aji guda abin karantawa. Asusun TETFund yana ware wa manyan makarantun gwamnati kuɗin bunƙasa ɗakunan karatu, kuma sassan koyarwa ne suke ba da sunayen abin da za a saya. Ban da haka akwai bidiyon Simon, akwai rubutattun darussan David Tong na Jami'ar Cambridge, duk kyauta, waya ɗaya ta sauke su aji ya raba.

Ta uku ita ce littattafan Indiya, irin na S. O. Pillai da na Puri da Babbar, sun fi araha, sun kuma fi dacewa da jarrabawa. Gaskiya ne suna da araha, suna da misalan lissafi da aka warware, kuma sun taimaki ɗalibai da yawa. A matsayin wurin atisaye babu laifi. Amma idan aka ce littafi ya dace da jarrabawa, sai a duba jarrabawar. Muddin tambayoyinta ba su wuce a kawo ma'ana da a rubuto yadda aka samo doka kaza ba, ɗalibi zai nemi littafin da ya fi sauƙin haddacewa, kuma bai yi wauta ba. Canza littafi ba tare da canza tambaya ba aikin baban giwa ne. Ko tambaya ɗaya ce a kowace takarda ta zama sabuwa, wadda ba a taɓa warware ta a aji ba, salon karatun ɗalibai zai sauya cikin zango guda.

Babu kuma dokar da ta ɗaure hannun kowa. Sabon tsarin manhaja da hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta ƙaddamar a ƙarshen 2022 ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin ɗari ta tsara da kanta. Ko a sauran kashi 70 ɗin, abin da za a koyar aka ƙayyade, littafin da za a fara da shi da jerin da za a bi suna hannun malami da sashensa.

Abin da ke cikin wannan magana ya wuce ajin jami'a. Gumel gari ne na horar da malamai, kwalejin ilimi ta jihar a can take. 'Ya'yan masarautar da suka yi digiri a fiziks, da yawansu aji suke komawa, a sakandaren Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar. Malamin da ya haddace fannin zai koyar da babin taransista a sakandare kamar yadda aka koya masa, jerin ma'anoni a allo. Wanda ya fahimce shi zai iya shigowa aji da ƙaramin faranti da mitar awon bolt, ya auna shi da safe, ya bar shi a rana ya sake aunawa, ya zuba masa ruwan randa yara su ga lamba ta tashi a gabansu. Kayan wannan gwaji duk ana samun su a kasuwar Gumel.

Saboda haka abin da ake nema daga sassan fiziks kaɗan ne. Kowane sashe ya zaɓi littafi ɗaya na farawa, Simon ko Omar, ya faɗa wa ɗalibai a makon farko babin da za a karanta a kowane mako da lissafin da za a kawo. A ajiye Kittel a ɗakin karatu don dubawa, a bar Ashcroft da Mermin ga masu digiri na biyu. Handawut ya koma matsayinsa na jagora zuwa shafukan littafi. Uba ko yayan da ɗalibi ya roƙa ya sayo masa littafi, ya tambaye shi da wanne malaminsu yake koyarwa a zahiri kafin ya biya kuɗin mai babban suna. Ɗalibin kuma da ke karatu shi kaɗai yana da hanyar gwaji mai sauƙi: ya karanta babin farko na littafin da yake shirin ɗauka, ya tunkari tambayoyi uku daga ƙarshen babin. In ya warware biyu ba da taimakon kowa ba, littafin nasa ne. In ya kasa ko ɗaya, ya nemi wanda ke ƙasa da shi a jeri, ya dawo wa wannan baɗi.